Rabin Maganar da Muka Je Ƙarasawa a Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram matan unguwa ba su bar ni na huta ba. Wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, kafin ta gyara zama a tabarma sai ta ce, "To, ya fim ɗin? An ce an nuna Malam." Ina fara ba da labari wata za ta yi sallama, sai in koma farko. Akwai wuraren da muryata ba ta iya bi sau biyu a wuni ɗaya. Shi ya sa na ga gara in rubuta, mai son ji a karanta masa.

Ga waɗanda ba su sani ba, maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, kafin a san shi da noman albasa a Watari, nan Bagwai, a Nijar ya yi ƙuruciyarsa yana kaɗa jita. Su biyar ne, ana ce musu Samarin Tanut. Irin kiɗan nan mai ƙarfi suke yi, na jita da lantarki, wanda Turawa ke kira rok, amma waƙarsu da Hausa ce da harshen Buzaye. Shi ke riƙe da babbar jita mai tsirkiya huɗu, suna ce masa Bakano. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo Bagwai ya karɓi gona, daga baya aka yi aurenmu. Ban taɓa ganin jita a hannunsa ba. Sauran ba su daina ba har tsufa ya riske su a kai. Shugabansu, Baba Ilu, shi ne amininsa. Sallah ba ta wucewa ba su gaisa a waya ba.

Bara waccan wata yarinya 'yar Damagaram mai suna Mariyama ta zo da kyamara, ta ce fim take yi na tarihin ƙungiyar. Ta ɗauki Malam a gona ta koma.

Malam ya rasu a tsakiyar damina, bayan gajeriyar jinya. Na shiga takaba. Bayan an share makoki wayarsa ta yi ƙara, ƙanena Sabo ya ɗauka. Baba Ilu ne, yana tari yana cewa, "Ina Bakano? Ya manta da mu ne?"

Kun san yadda muke yi. Ba a jefa wa tsoho mutuwar amininsa kai tsaye, balle a waya. Sai a ce jiki ne, gobe a ce jiki ya tsananta, sannan a ce sai haƙuri. Sabo ya yi abin da kowa zai yi, ya ce, "Baba, yana fama da jiki, yana kwance." Sai tsohon ya ruɗe, ya ce shi ma zuciyarsa ba lafiya, likita ya hana shi tashin hankali, in wani abu ya sami Bakano to a haƙa kabari biyu. Daga nan bakin Sabo ya mutu. Gobe ta zo bai kira ba, jibi ma haka.

Saƙonnin murya suka riƙa shigowa. Baba Ilu yana addu'ar samun lafiya, yana faɗin ayoyin da za a tofa a ruwa. Har ƙullin magani ya aiko ta hannun wani direba. Ina ɗaki ina jin su, ba halin fita, kuma ban ga fuskar da zan ƙarasa maganar a waya ba bayan ta yi wannan nisa. Ina fita takaba sai ga saƙo cewa fim ya kammala, za a nuna shi a Damagaram, kuma Samari za su yi kiɗa bayan an gama. Baba Ilu ya ce, "Ko a kan katifa ne a kawo mini shi."

Na kira Sabo na ce ya shirya.

"Yaya, ki bari in kira shi kawai. Yau ɗin nan zan kira."

"Tun damina kake kiransa yau ɗin nan."

Ya sunkuyar da kai. Sabo ba yaro ba ne, da jikokinsa, kuma a kasuwar tumatir ba mai taka shi. Amma ranar kamar wanda aka kama da hannu a tukunyar miya.

Daga Bagwai zuwa Bichi a motar 'yan gwari muka zo, kwandon tumatir yana dukan bayana. Daga nan Kano, inda muka sami motar Damagaram, wata tsohuwar fijo da ake tura ta kafin ta tashi. Sabo ya nace sai da ya taho da rabin buhun albasa daga gonar Malam, wai ba a zuwa wa mutane hannu biyu. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin robobi, ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Ba mu kai Kazaure ba ta gama sanin garinmu da yawan 'ya'yana.

"Biki za ku ko gaisuwa?"

"Gaisuwa," na ce.

"Allah ya jiƙan rai. Wa aka rasa a can?"

"A nan aka yi rasuwar."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. "Ikon Allah. Yau na ga masu mutuwa suna bin masu gaisuwa har gida."

Ban san lokacin da na ba ta labarin ba. Ta miƙa hannu ta zunguri kafaɗar Sabo a kujerar gaba. "Malam, kai ne gwanin? Ka ɗora tukunya ka gudu ka bar wa yayarka saukewa?" Duk motar aka yi dariya, har shi. Sannan ta koma kaina da shawara. Kada in faɗa masa yana tsaye. Kada in faɗa masa da yunwa. In bari ya yi sallah. Kada in yi kuka kafin in faɗa, don hawayena za su riga bakina. Ina ta gyaɗa kai. A Daura da aka tsaya sallah na sayi fura ban iya sha ba.

A kan iyaka aka sauke mu duka. Na zaci wani babban bango zan gani. Igiya ce da ganga da rumfuna, karan gero a wannan gefe, karan gero a wancan. Aka nemi katin rigakafi, ba mu da shi, don ba wanda ya gaya mana. Aka ce sai an yi mana allura. Sabo da ke ɗaga buhu shi kaɗai ya rufe ido yana salati tun ba a buɗe sirinji ba, har mai allurar ta ce, "Alhaji, ban fa taɓa ka ba tukuna." Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya kwance buhunmu ya leƙa, ya kira abokin aikinsa.

"Zo ka gani. Albasa ya kawo Nijar."

Suka yi ta dariya. Ashe ƙasar albasa muka dosa, har wadda muke gani a kasuwanninmu wata daga can take. Sabo ya ce tasa ta Watari ce, ba irin tasu ba ce. Mutumin ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya ce, "To Allah ya ba mai ita lada," ya ɗaure buhun. Na ce amin a zuciyata, don bai san wa ya yi wa addu'a ba.

Bayan iyaka Hausar ce dai, amma an sa mata wani gishiri. Suna cewa lahiya, ɗan sanda jandarma ne, ɗan acaɓa kabu-kabu. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ana rataya shi a hammata ba leda, ga tauri a baya, ciki kuma iska. Gaba da Matamaye taya ta fashe, safayar ma ba iska. Muka zauna a gindin wata bishiya har rana ta karkata. A nan wayar Malam da ke jakata ta yi ƙara. Na duba, Baba Ilu ne. Na riƙe ta a hannu har ta katse. Hajiya mai robobi ta ɗora hannunta a gwiwata.

Gab da magariba muka shiga Damagaram, garin manyan duwatsu a tsakiyar gidaje. Mariyama na jiranmu a tasha. Ta rugo tana cewa "Tanti! Tanti!", haka suke kiran inna ko gwaggo, ta manna kumatunta a nawa dama da hagu, abin da ko 'yata ba ta taɓa yi mini ba. Sai ta leƙa bayana, ta leƙa cikin mota.

"Ina Malam? Bai iya tafiyar ba?"

Na ce mu je gida tukuna.

A gidan mahaifiyarta aka sauke mu, Hajiya Falmata, mace mai fara'a da tsagen Barebari. Sabo aka kai shi zaure. Bayan mun yi sallah na faɗa wa Mariyama. Wannan ne karo na farko da na faɗa wa wanda ya san shi, don a gida kowa ya riga ni sani. Ta daɗe tana kuka. Da ta share ido sai ta kama hannuna.

"Tanti, don Allah kada ki gaya wa Baba Ilu sai an gama gobe."

Uwarta da ke zuba mana dambu da zogale ta ajiye ludayi. "Ke fim ɗinki kike ji."

"Wallahi Mama ba fim ba ne. Zuciyarsa ce. Wata guda yana gwajin kiɗa, har jitar Malam ya sa an gyara. In ya faɗi a wurin fa?"

"In ya ji a bakin wani fa? Garin nan ana ɓoye magana?"

Suka yi ta yi a kaina. Na ga kowacce da gaskiyarta. A ƙarshe na ce ba zan faɗa ba kafin fim, amma ba zan fita daga zauren da za a nuna shi ba sai na faɗa, kuma in ya tambaye ni kai tsaye ko Malam na raye, ba zan yi masa ƙarya ba. Aka kawo cuku, wani busasshen abu na nono mai kama da takarda, da shayi a ɗan ƙaramin kofi har zagaye uku, na farko da ɗaci kamar maɗaci. Hajiya Falmata ta ce ba a tashi sai an sha na uku. Na sha don kunya. Shimfiɗa a tsakar gida suke yi. Ban yi barcin kirki ba, kuma ba shayin kaɗai ba ne.

Washegari bayan la'asar aka tafi. Wani babban zaure ne da aka rufe tagoginsa da baƙin yadi. Maza da mata a haɗe, Buzaye da rawani har hanci, samari da wando matsattse, Turawa kaɗan. Aka kai mu layin gaba. Kusa da kujerata akwai wata ba kowa a kai, an jingina mata doguwar jita ja, fentinta ya goge a inda hannu ke zama. Ban tambaya ba, na sani.

Sai ga Baba Ilu. Dogo ne siriri, da sanda, ya fi yadda muryarsa take tsufa. Ya tsaya a gabana yana murmushi, idonsa yana neman wani a bayana.

"Matar Bakano ce? Sannu da hanya. Ya mai jiki?"

Kafin in buɗe baki Sabo ya ce, "Da sauƙi, Baba." Bakinsa ne ya faɗa da kansa, yadda muka saba amsawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohon ya ce, "Alhamdu lillahi. Ragon banza, ya turo mace ta wakilce shi. Ki kalla da kyau, ki kai masa labari." Aka kashe fitila.

Yanzu ga fim ɗin, tunda shi kuke tambaya. Ni ba masaniyar fim ba ce, abin da na gani zan faɗa.

Farkonsa ya yi kyau. Ba magana, sai hannun Baba Ilu yana ɗaura wayar birkin keke a jikin jita, don a zamaninsu in tsirkiya ta tsinke ba inda za a saya. Sai tsofaffin hotuna, samari biyar da gashi tuli da wando mai faɗin ƙafa kamar buhu. Na daɗe kafin in gane Malam, sai da na ga kunnuwansa. Mai gangarsu, wani tsoho mai haƙori ɗaya a gaba, ya ba da labarin yadda suke aron batirin babbar mota su kunna lasifika, wata rana suna tsakiyar waƙa a gidan biki direba ya zo ya cire abinsa don lodi ya cika. Zauren ya ɗauki dariya. Inda duk aka bar tsofaffin nan suka yi maganarsu, fim ɗin yana da rai. Akwai inda Baba Ilu ya kunna tsohon kaset ya ce wa mai ɗauka, "Kada ki saurari sama, saurari ƙasa." Ya riƙa bin wani amo mai kauri da bakinsa, dum, dum-dum, har kunnena ya kama shi a ƙarƙashin sauran. Ya ce, "Wannan Bakano ne. Mu muna ta tsalle, shi ke riƙe da ƙasa."

Amma akwai abin da bai yi mini ba. An kawo wani Bature zaune gaban tarin faifai, ya yi ta Faransanci har na gaji da zama. Matar da ke bayana ta ce wai yana bayanin cewa kiɗansu kukan hamada ne. Ana ta nuna raƙuma da tudun yashi da faɗuwar rana. Malam ya sha gaya mini a gidajen biki da farfajiyar otal suke kiɗa, a cikin gari, kuma sau ɗaya ya hau raƙumi ya kayar da shi. Matansu kuma babu su. Matar Baba Ilu, wadda ta riƙe gida duk shekarun da yake yawo, an nuna ta sau ɗaya tana ajiye tiren shayi, ko kanta bai shiga hoton ba. Ɗaya daga cikin biyar ɗin ya rasu cikin rashi, Malam har hatsi ya taɓa aika wa iyalinsa, amma a fim an wuce shi da magana ɗaya kamar an tsallake kwata.

Sai ga Watari. Ga komayen dashen albasa, ga hanyar ruwa, ga shi.

Na riƙe bakin mayafina. Ranar da aka ɗauka ina wurin, na kai musu abinci. Ya yi hira mai tsawo yana dariya, yana nuna mata yadda ake dashe, yana cewa albasa ta fi jita biyan bashin wahala. Duk an yanke. An sa shi ya cire sabuwar hularsa, ya yi ta tafiya a bakin ruwa yana ba da baya, aka ɗora wani kiɗa mai sanyi kamar na makoki, wata murya tana cewa ga wanda kiɗa ya rasa, ƙauye ya haɗiye shi. Wannan ba gaskiya ba ne. Malam ba a haɗiye shi ba. Ya ciyar da gida, ya aurar da ƙannensa, ya yi limancin masallacin gona. Mutumin da aka nuna abin tausayi ne, nawa kuwa ba abin tausayi ba ne.

Amma a nan ne kuma fim ɗin ya yi abin da ba zan manta masa ba. Mariyama ta sa masa abin sauraro a kunne ta kunna tsohuwar waƙarsu. Yana tsaye riƙe da fartanya. Sai kyamara ta sauka kan hannunsa, yatsunsa biyu na dama suna tafiya a kan ƙotar, ɗaya bayan ɗaya. Na san wannan motsin. Na gan shi a kan gwiwarsa, a kan murfin kwano yana jiran tuwo, a kan bayan jariri yana lallashi. Duk zamanmu na ɗauka tasbihi ne ko wata ɗabi'a. Ashe kiɗa yake yi a gabana ban sani ba. Don wannan kaɗai na yafe wa fim ɗin raƙumansa.

A ƙarshe aka nuna Baba Ilu yana duban kyamara yana cewa, "Bakano zai dawo. Za mu yi sau ɗaya kafin a kira mu." Aka kunna fitila, zaure ya ɗauki tafi da fito. A wurinmu ba a tafa wa abin da ya sa mutum hawaye, amma su haka suke yi.

An fara jan wayoyi a kan dandamali. Baba Ilu ya dogara sandarsa ya zo wurina, idonsa ya yi ja, yana dariya.

"Kin ga mijinki? Kin ga yatsun nan? Ki ce masa ƙarya yake, bai daina ba. Ki ce masa..."

"Baba, zauna."

Mariyama tana gefe tana girgiza mini kai. Ban dube ta ba. Na tuna an ce kada in faɗa masa yana tsaye, shi kaɗai na iya kiyayewa. Kujerar da ke kusa ita ce mai jitar. Ya ɗauke ta ya ɗora a cinya ya zauna. Murmushin bai gama barin fuskarsa ba.

Na durƙusa na ce, "Baba Ilu, sai haƙuri. Malam ya riga mu gidan gaskiya."

Ya yi salati a hankali, sau biyu. Na zuba wa ƙirjinsa ido ina jiran abin da muke tsoro. Bai faɗi ba. Ya ce, "Kuna hanya aka kira ku?"

"A'a, Baba. Tun damina."

"Wace damina?"

"Wadda ta wuce."

Sannan ya ɗaga kai ya nemi Sabo. "Kai ne mai ɗaukar waya?"

Sabo ya zube a ƙasa. "Ni ne, Baba. Tsoro na ji, ka ce zuciyarka..."

"Tun damina nake roƙa masa lafiya." Bai ɗaga murya ba. "Kowace sallah. Mutum yana kwance a kabari yana jiran a roƙa masa rahama, ni ina nan ina roƙon ya tashi ya ci tuwo. Kun ji tsoron kada in mutu. To ga ni, ban mutu ba. Me kuka tsare mini?"

Laifin har da ni, don wayar a ɗakina take duk watannin nan.

Ya miƙe ba tare da sanda ba, ya hau dandamali da jitar a hannu. Mutane suka fara ihu, ya ɗaga hannu suka yi tsit. Ya ce, "Bakano da kuka gani yanzu, Allah ya yi masa rasuwa. Ga iyalinsa sun zo. A yi masa fatiha." Na ga zauren nan gaba ɗaya, masu rawani da masu matsattsen wando, an ɗaga hannu. Turawan ma suka sunkuyar da kai. Da aka shafa sai ya dubo ni daga can sama.

"Matar Bakano, a yi kiɗa ko a bari? Ke ce mai iko."

Kun san a garinmu amsar guda ce. Na san abin da 'yan'uwan Malam za su ce in sun ji, kuma ga shi yanzu za su ji. Amma na ga yatsun nan a kan ƙota. Na ce, "Ku yi."

Wani saurayi ya matso zai karɓi jan jitar ya cike gurbi, Baba Ilu ya hana shi. Ya jingina ta a jikin lasifika. Su uku suka yi, waƙa ɗaya. Ƙarar ta cika zauren har ina jin ta a haƙorana. Na saurari ƙasa, yadda aka koya mini ɗazu. Babu komai a wurin. Suna ta tafiya a sama, ƙasan a buɗe. Nan ne na yi kukan da aka ce kada in yi.

Da safe muna tasha, an ɗaura kayanmu, sai ga kabu-kabu ya sauke Baba Ilu da 'yar jaka. Mariyama na biye da shi tana roƙonsa ya bari sai ya huta. Ya ce, "Ba a yin ta'aziyya a gidan kallo." Ya shiga gaba ya zauna.

Duk tsawon hanyar bai yi wa Sabo magana ba. Ni yakan juyo ya tambaye ni. Ya sha wahala? Wa ya yi masa wanka? Ya ambaci wani? Sabo ya saya masa ruwa a kan iyaka, ya karɓa ya ajiye bai sha ba. A Bichi da muka canja mota Sabo ya kai hannu zai ɗaukar masa jaka, ya janye abarsa.

Ina fargabar yadda 'yan'uwan Malam za su karɓi makaɗi, amma tsoho ne da ya ƙetare iyaka don gaisuwa, suka shimfiɗa masa babbar tabarma a zaure. Bai ci abinci ba ya ce a kai shi maƙabarta. Mu mata ba ma zuwa, don haka abin da ya biyo baya a bakin Sabo na ji, shi ya raka shi.

Ya ce tsohon ya tsuguna a gefen kabarin ya daɗe ƙwarai, har Sabo ya fara tsoron ko jikin ne. Sabo ba ya jin abin da tsohon yake faɗa, sai motsin leɓe. Da ya shafa ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Sabo na tsaye nesa kaɗan, bai san ko ya matsa ba. Sai Baba Ilu ya miƙo masa hannu ba tare da ya dube shi ba.

"Zo ka ɗaga ni," ya ce. "Na yi masa addu'ar da ta dace."